Komawa Karatu Bayan an Girma: Matakan Shiga Jami'a ko Kwaleji a Najeriya da Yadda Ake Zaɓen Kwas

Masu yi mini tambaya kan wannan batu sun yawaita, kuma duk da halinsu ya bambanta, tambayar ɗaya ce. Akwai malamin firamare da ya daɗe yana koyarwa da takardar shaidar malanta ta NCE, yana kallon ɗalibansa na jiya sun dawo da digiri sun zama shugabanninsa. Akwai matar da aka yi wa aure tana gama sakandare, yanzu autanta ya shiga makaranta, tana son ta ɗora daga inda ta tsaya. Akwai ɗan kasuwar da harka ta buɗe masa amma lissafi da takardun banki suna ba shi wuya. Kowa cewa yake: ta ina zan fara, me kuma zan karanta?

Gemu ba ya hana ilimi. Hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ma ƙarancin shekaru kawai ta ƙayyade, wato 16, ba ta ce ga shekarun da in mutum ya wuce an rufe masa ƙofa ba. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo yana da shekara 80 ya kammala digirin digirgir a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, a 2017. Abin da na ga yana kayar da manya shi ne juya jerin aikin: a fara da sayen fom da biyan kuɗi, sai tafiya ta yi nisa a gano kwas ɗin ba ya kai mutum inda yake son zuwa, ko makarantar ba ta da izinin koyar da shi. Matashi ɗan shekara 18 in ya yi asarar shekara biyu yana da sauran lokaci, mai iyali kuwa ba shi da wannan rarar. Don haka a bi matakan nan yadda na jera su, kada a sayi fom ɗin kowace makaranta sai an kai mataki na tara.

1. Rubuta abin da kake so takardar ta yi maka

Ɗauki biro ka rubuta jimla ɗaya: "Ina son komawa karatu domin..." Idan abin da ya biyo baya shi ne "in samu ci gaba", da sauran aiki. Wane ci gaban? Ƙarin matakin albashi a inda kake aiki? Lasisin wata sana'a da doka ta hana a yi sai da shi, kamar jinya ko lauya? Barin aikin da kake yi gaba ɗaya? Ko ilimin kawai kake so, don ka gyara kasuwancinka ko ka zurfafa a addininka? Duk dalilai ne masu kyau, amma kowanne da kwas ɗinsa da hanyarsa da kuɗinsa.

Ga ma'aikacin gwamnati lissafin a fili yake. A tsarin gwamnatin tarayya, wanda jihohi da yawa ke bi, mai ƙaramar difloma, ND, yana farawa ne daga mataki na 6, mai NCE na 7, mai digiri na 8, mai digiri na biyu na 9. Amma inda ake tsayawa ya fi inda ake farawa muhimmanci, domin kowane rukunin ma'aikata yana da matakin da ba ya wucewa sai da ƙarin takarda. Je ofishin kula da ma'aikata ka roƙa a nuna maka kundin tsarin aiki, ka ga da idonka takardar da rukuninka ke buƙata. Kada ka dogara da hirar ƙofar ofis.

Hattara: idan ka haura shekara 35 kuma fatanka shi ne sabon aikin gwamnati, ka sani tallace-tallacen ɗaukar aiki da yawa suna sa iyakar shekaru, na aikin ɗamara ma sun fi tsanani. Ƙara shekarun karatun a kan naka ka ga inda za ka tsaya. Ba hana ka nake yi ba, amma mai irin wannan hali ya kamata ya zaɓi abin da zai ci abinci da shi ko da ba wanda ya ɗauke shi aiki.

2. Baje takardunka ka duba su ɗaya bayan ɗaya

Ciro ambulan ɗin nan daga ƙasan akwati ka baje shi a kan tabarma: takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar firamare, sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB (ta makarantun fasaha da sana'a) ko NBAIS (ta makarantun Larabci da Islamiyya), takardar shaidar ƙaramar hukuma, katin NIN, da duk wata difloma ko NCE. Abu biyu za ka duba, suna da ranar haihuwa.

A nan manya da yawa ke cin karo da matsala. Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC, Muh'd a wata. A wata takarda sunan mahaifi ne na biyu, a wata sunan gari. Mace kuma sunan mahaifinta ne a sakamakon sakandare, na mijinta a NIN. Ranar haihuwa a nan 1 ga Janairu, a can 15 ga Yuni na wata shekarar daban. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma bayanan da ke hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, su take ɗauka yadda suke. Ranar tantancewa, ma'aikacin da ke bayan tebur zai jera takardun nan gefe da gefe yana bi da bakin biro, in ya ga saɓani sai ya tura maka fayil ɗinka ya kira na gaba.

Gyaran yana bin NIMC, da takardar rantsuwa ta kotu, wani lokaci da sanarwar canjin suna a jarida, kuma yana cin makonni ko watanni. Shawarata ga mata: a bar sunan da ke kan sakamakon sakandare ya zama shi ne sunan karatu har ƙarshe, a daidaita sauran da shi.

Wanda satifiket ɗinsa ya ɓata ko ya ƙone, WAEC ba ta sake buga na asali, amma tana ba da takardar tabbatar da sakamako, kuma waɗanda suka rubuta daga 1999 zuwa yau suna iya samun kwafin satifiket a shafinta na intanet. Mai ND ko NCE ya nemi cikakken sakamakonsa daga tsohuwar makarantarsa tun yanzu, domin makaranta ce ke aika wa makaranta, kuma ba a yi da sauri.

3. Zaɓen kwas

Wannan ne matakin da ya kamata ya fi cin lokacinka. Ra'ayina, wanda na daɗe a kansa, shi ne babba ya gina a kan abin da ya riga ya iya. Shekarun da ka yi kana aiki jari ne da matashi ba shi da shi. Malamin da ya shekara goma yana koyar da lissafi, digirin koyarwa a lissafi ya fi masa amfani a kan ya koma aji ɗaya a kimiyyar siyasa. Ma'aikacin asibiti mai takardar CHEW ta aikin lafiya a matakin farko ya dubi fannin lafiyar al'umma. Mai riƙe da littafin kuɗi a shago ko ofis ya dubi akanta, kuma ya sani ƙungiyar akantoci ta ICAN tana da jarrabawar ATS da ake iya farawa da sakamakon sakandare, ba tare da barin aiki ba. Malamin Islamiyya mai takardar NBAIS yana da ƙofar Larabci, nazarin addinin Musulunci, ko shari'a, a jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, ko a kwalejoji irin ta Aminu Kano ta nazarin shari'a da addinin Musulunci. Manomi ko mai kiwon kaji yana da fannonin noma da kiwo.

Zaɓi kwas uku, ka yi wa kowanne tambayoyin nan a rubuce.

Ta farko: wa ke ba da lasisin aiki da shi? Wasu kwasa-kwasan digirin kaɗai bai isa ba. Malami sai da rajistar hukumar malamai ta TRCN, ma'aikaciyar jinya sai da ta hukumar jinya da ungozoma, injiniya sai da ta hukumar injiniyoyi, COREN, lauya kuma sai ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Waɗannan hukumomi suna da sharuɗɗansu kan irin karatun da suke karɓa. Karatun lauya misali ne babba: ba a karɓar wanda ya yi shi a tsarin wucin gadi, kuma waɗanda suka karanta shi a NOUN sun shafe shekaru suna fafutuka kafin a saurare su. Digirin jinya na karatu daga nesa kuwa na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan jinya masu rajista ne, ba ƙofar shiga aikin ba ce ga sabon shiga.

Ta biyu: shekara nawa ne, kuma dole ne a zauna aji kullum? Mafi yawan digirorin fasaha, zamantakewa, kimiyya da koyarwa shekara huɗu ne. Lauya biyar ne da ƙarin shekarar makarantar lauyoyi, injiniya biyar, likitanci shida da shekarar sanin makamar aiki. ND shekara biyu, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, sannan babbar difloma, HND, biyu. NCE uku. Kwas mai ɗakin gwaji ko zuwa asibiti ba ya haɗuwa da aikin ofis na safe zuwa la'asar. A kan waɗannan shekaru ka bar gurbin yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, a 2022 wata takwas ya ci.

Ta uku: me ke cikinsa? Nemi jerin darussan kwas ɗin daga sashen ko shafin makarantar ka karanta sunayensu. Mutane da yawa suna gudun lissafi su faɗa tattalin arziki ko akanta, su tarar da shi yana jiransu. Ilimin zamantakewa ma yana da darasin ƙididdiga. Kimiyyar kwamfuta kuma ba koyon buga takarda ba ne, lissafi ne mai zurfi. Wanda aikin kwamfuta kawai yake son iyawa, gajeren horo na watanni zai iya biya masa buƙata.

Ta huɗu: me waɗanda suka gama shi suke yi yanzu? Nemi mutum biyu ko uku da suka kammala shekara biyar da ta wuce, ka tambaye su kai tsaye. Lakcara zai yabi sashensa, ɗalibi mai ci bai ga ƙarshe ba tukuna, wanda ya fita shi ne zai faɗa maka gaskiya.

Hattara: kada ka karɓi kwas ɗin da ba ka nema ba bisa alƙawarin "ka shiga kawai, in ka je aji biyu sai a canza maka". Canjin kwas yana buƙatar maki mai yawa da gurbi da amincewar sassa biyu, kuma a kwasa-kwasan da ake rububi ba kasafai yake yiwuwa ba. Haka nan kada ka zaɓi kwas don daɗin sunansa a bakin mutane. Masu yabon ba su za su biya kuɗin ba.

Wanda ya riga yana da digiri ko HND, sau da yawa ba ya buƙatar sabon digiri. Difloma ta gaba da digiri, PGD, ita ce gadar canza fanni ko tafiya digiri na biyu, mai son koyarwa kuma irinta ta fannin koyarwa, PGDE, ta ishe shi.

4. Cike giɓin sakamakon sakandare

Yanzu da ka san kwas, buɗe kundin sharuɗɗan JAMB a shafinta ka ga darussan da yake buƙata. Ƙa'idar da aka saba ita ce kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci, da lissafi a mafi yawan fannoni. Kiredit yana nufin daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba sa cikin lissafi. Ana iya haɗa WAEC da NECO, amma wasu kwasa-kwasan, musamman likitanci, jami'o'i da dama zama ɗaya suke so.

In akwai giɓi, WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, NECO kuma tana yin tata wajen ƙarshen shekara. Rubuta darussan da kwas ɗinka ke buƙata, ka nemi malamin darasi na yamma ko da na wata uku ne. Wanda bai gama sakandaren ba sam, hukumomin ilimin manya na jihohi suna da azuzuwa, akwai kuma cibiyoyin mata.

Hattara: ka nisanci cibiyoyin da ke alƙawarin "za a taimaka a ɗakin jarrabawa". Bayan haramcinsa, hukumomin suna riƙe ko soke sakamakon cibiya sukutum. Kuma Turancin da aka rubuta maka shi ne za ka nema ka rasa ranar da aka ce ka rubuta furojet.

5. Zaɓen hanyar shiga

Hanyoyin ba ɗaya ba ne, kuma babba ya fi matashi zaɓi.

Karatu na cikakken lokaci ta UTME, jarrabawar da JAMB ke shiryawa, shi ne hanyar kowa, kuma likitanci, lauya da makamantansu a cikakken lokaci kaɗai ake yin su. Ya dace da wanda zai iya ajiye aiki ko ya samu hutun karatu.

Shiga kai tsaye, wato DE, na masu NCE, ND, HND ko IJMB ne. Ana farawa daga aji biyu, an rage shekara guda. IJMB shiri ne na kusan shekara ɗaya da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ana yin sa a kwalejojin share fage da dama a Arewa. Guraben DE kaɗan ne, kuma jami'o'i suna duba darajar sakamakon da ka zo da shi.

Karatun wucin gadi, na yamma ko na ƙarshen mako, akwai shi a Makarantar Ci-gaba da Ilimi ta Jami'ar Bayero da foliteknik da yawa. Yakan fi na kullum tsawo da tsada, amma albashinka na tafiya. Malaman makaranta suna da shirin dogon hutu, wanda a Zariya ake kira LVT, da kuma shirye-shiryen Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna.

Sai karatu daga nesa. NOUN ba ta buƙatar UTME, tana da cibiyoyi a duk jihohi, aikin gida da ake yi ta intanet yana da maki 30, jarrabawa 70. Jami'o'in Ahmadu Bello, Maiduguri, Abuja da Modibbo Adama ta Yola suna da nasu cibiyoyin. Wannan hanya tana da sauƙi ga mai aiki da uwar yara, amma ita ce aka fi bari a tsakiya, domin ba mai kiran suna da safe. In ka san ba ka iya zama da littafi sai an tsare ka, zaɓi tsarin da ake shiga aji.

6. Tabbatar an amince da makarantar, da kwas ɗin kansa

Jami'o'i suna ƙarƙashin NUC, foliteknik da kwalejojin kimiyyar lafiya da na noma ƙarƙashin NBTE, kwalejojin ilimi ƙarƙashin NCCE. Kowacce tana wallafa sunayen makarantun da ta amince da su. Amma kada ka tsaya a sunan makaranta, domin kwas-kwas ake tantancewa, kuma izinin koyarwa a aji daban ne da izinin koyarwa daga nesa. In fannin lafiya ne, ƙara da duba jerin hukumar da ke ba da lasisi.

Hattara: akwai gidajen haya da ajin firamare da ake liƙa wa allo a ce "reshen jami'a kaza". NUC ta daɗe da haramta irin waɗannan rassa. Kira ofishin rajistara na uwar jami'ar ka tambaya. Digirin gaggawa na ƙetare ma ya zama tarko: bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a Janairun 2024. Duk takardar da aka samo daga waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance ta kafin ta yi aiki a gida.

7. Izinin wurin aiki da shirin gida

Ma'aikaci ya rubuta takardar neman izini ta hannun shugabansa, ya jira amsa a rubuce kafin ya fara. Akwai hutun karatu da albashi, akwai wanda babu albashi, akwai izinin karatu ana aiki. Hutun da ke da albashi yakan zo da yarjejeniyar komawa a yi aiki na wasu shekaru. Na san wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi digirinsa a ɓoye, yana sulalewa ranakun Juma'a da Asabar. Da ya kawo takarda neman a ɗaga matakinsa, tambayar farko da aka yi masa ita ce ina takardar izini. Babu ita a fayil, maganar ta kwanta shekaru. Amincewar baki ta shugaba tana tafiya da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Gida ma haka. Magidanci ya zaunar da iyalinsa ya faɗa musu abin da zai ragu na kuɗi da na lokaci. Ke kuma 'yar'uwa, ki zauna da maigida da jadawalin a hannu, kada maganar ta tsaya a "na amince". Ranakun lakca, makonnin jarrabawa, wa zai ɗauko yara daga makaranta, wa zai riƙe jariri, akwai tafiya wani gari ko babu. Karatun mata da yawa a aji biyu yake tsayawa, saboda an amince da karatun amma ba a tattauna wahalarsa ba. In da hali a sa wani babba da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa ya san da maganar.

8. Lissafin kuɗi

Rubuta kuɗin duk shekarun, ba na shekarar farko kawai ba. Kuɗin fom, na karɓar gurbi, na rajistar kowace shekara, na sashe, littattafai da kwafe-kwafe, data, kuɗin mota, masauki lokacin jarrabawa, da furojet a shekarar ƙarshe. Mai sana'a ya ƙara da cinikin da zai rasa ranakun da shago ke rufe. A NOUN kowane darasi da jarrabawarsa kuɗinsu daban, ban da kuɗin zango. Tun 2023 jami'o'in gwamnati da yawa suka ƙara kuɗin rajista, kuɗin mota ma ya tashi bayan cire tallafin mai, saboda haka duk abin da ka samu ka ɗora masa wani abu. Kuɗin mota shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi ya sa makarantar da ke kusa da gida takan fi mai suna da ke nesa.

Kada ka fara sai kuɗin shekarar farko yana hannu kuma ka san inda na biyu zai fito. Adashin da kwasarsa ta dace da lokacin rajista yana taimakawa ƙwarai. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makarantun gwamnati babu ruwa, da Naira 20,000 a wata na kashewa, kuma yana neman lambar JAMB da NIN da BVN. Karanta sharuɗɗansa ka ga ko tsarin karatunka yana ciki kafin ka sa shi a lissafi. Leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharka ma.

9. Rajista

Ga mai UTME ko DE: da layin wayarka na kanka, rubuta NIN, ka bar tazara, ka sa lambobi 11 ɗin, ka aika zuwa 55019 ko 66019. Za a turo maka lambar shaida, da ita za ka sayi lambar rajista a banki ko wurin dillalan da aka amince da su. A 2025 kuɗin UTME Naira 7,200 ne, da jarrabawar gwaji 8,700, DE kuma 5,700. Rajistar a cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, CBT, da JAMB ta amince da ita ake yi, ba a kowane shagon intanet ba. Kafin a tura, karanta abin da ke kan allon da kanka, harafi bayan harafi.

Hattara: layin nan shi ne shaidarka a wurin JAMB har ka gama. Kada ka yi amfani da na ɗanka ko na mai shago, kada kuma ka bari a rufe shi.

UTME darasi huɗu ne, Turanci dole, maki 400, tambaya 180 cikin awa biyu. Haɗin darussan ya danganta da kwas: injiniya lissafi da fiziks da kemistiri, likitanci fiziks da kemistiri da bayoloji, lauya kuma sai da adabin Turanci. Kuskure a haɗin nan yana hana gurbi ko da makinka ya kai. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya biya kuɗin gwajin. Maɓallai kaɗan ne, A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, amma gara hannu ya saba tun kafin ranar. Mafi ƙarancin makin da aka tsayar a 2025 shi ne 150 ga jami'o'i, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi, sai dai kowace makaranta tana ɗora nata a kai.

Bayan haka a ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, a yi tantancewar makaranta, a riƙa duba CAPS, manhajar ba da gurbi ta JAMB. In gurbi ya fito a can za ka karɓa ka buga takardarsa. Gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba. Masu DE da yawa a nan suke gano cewa tsohon gurbinsu na ND ko NCE bai bi ta JAMB ba, sai sun gyara shi tukuna. Masu wucin gadi da karatu daga nesa a shafin makaranta suke cike fom, amma su ma su tabbatar sunansu ya shiga rajistar JAMB. Kuɗin makarantun tarayya ta Remita ake biya. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa zai samo maka gurbi, rabu da shi.

10. Zangon farko

Makin ajin farko yana bin ka har ƙarshe, domin matsakaicin duk zanguna ake ɗauka. A ma'aunin maki biyar, 70 zuwa sama A ne, ƙasa da 40 faɗuwa. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, ta biyu babba 3.50, ta biyu ƙarama 2.40, kuma mai son digiri na biyu yana buƙatar aƙalla wannan ta ƙarshe. Kada ka raina gwaji da aikin gida, su ne kashi 30 zuwa 40 na makin. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 na lakca kafin a shiga jarrabawa.

Ware lokaci ɗaya da ba ya canzawa. Ga mafi yawan masu iyali bayan sallar asuba ne, kafin gida ya tashi, awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Shiga zauren WhatsApp na ajinku, ka san wakilin aji da malamin da ke kula da ajinku. Yaran da za su riƙa ce maka Baba ko su ce miki Anti sun fi ku sabo da manhaja da sabon salon jarrabawa, ku kuma kun fi su sanin inda darasin ke aiki a zahiri. Ku zauna ƙungiyar karatu da su ba tare da jin nauyi ba. Lakcara ko da sa'an ƙaninka ne, Malam ne, ka ba shi girmansa, kada kuma ka nemi sassauci da sunan shekaru.

Hattara: in haihuwa ko rashin lafiya ko rashin kuɗi ya tsare ka, rubuta takardar jingine karatu ta hannun shugaban sashe, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Wanda ya ɓace ba takarda, faɗuwa ake rubuta masa a duk darussan da ya yi wa rajista, in abin ya daɗe a cire sunansa.

11. Bayan kammalawa

Digiri ko HND ba ya cika a idon ma'aikata sai da takardar hukumar hidimar ƙasa, NYSC. Wanda ya yi karatun cikakken lokaci kuma ya haura shekara 30 ranar kammalawa, takardar yafe hidimar ƙasa ake ba shi. Wanda ya yi wucin gadi ko daga nesa, wasiƙar cirewa daga hidimar yake samu. Dukansu ta makaranta ake bi, kuma sai sunanka yana rajistar JAMB. Kada ka taɓa shekarunka don ka samu zuwa hidima, domin ranar haihuwar da ke WAEC da JAMB ita ake dubawa.

Daga nan ma'aikaci ya haɗa takardar izinin da ya samu a mataki na bakwai, da sakamako, da takardar NYSC, ya rubuta neman a daidaita matakinsa ko a canza masa rukuni, ya riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Mai fannin da ke da lasisi ya yi rajistar jarrabawar hukumarsa a zagaye na farko da ya samu, tun karatun bai huce ba.